Tsoron da ke zuwa tare da furfura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma na tabbata yana damun tsarana da yawa ko da ba su furta ba. Maganar ita ce tsoron da ke shiga zuciyar mutum idan shekaru suka ja, wato fargabar abin da bai riga ya faru ba, da yadda wannan fargaba take sa mu dattawa mu riƙa tare wa ƴaƴanmu hanya muna kiran abin da muke yi taka-tsantsan.

Ni haifaffen Maraɗi ne, na kai shekara saba'in a duniya, kuma mafi yawan rayuwata na yi ta ne a fataucin hatsi da wake da aya, daga kasuwannin ƙauye zuwa cikin gari, daga nan kuma zuwa Jibiya da Katsina har Dawanau ta Kano. A ƙuruciyata nakan kwana a kan buhuna a bayan babbar mota, da kuɗin mutane ɗaure a ƙuguna, kuma ba na tuna daren da tunanin gobe ya hana ni barci. Yau kuwa, idan salula ta yi ƙara bayan sallar isha'i, gabana yakan faɗi tun kafin in ga sunan mai kira. Idan babur ya tsaya a ƙofar gida da tsakar dare, sai in tashi zaune ina saurare, ina ƙirga ƴaƴana da jikokina ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina inda kowannensu ya kwana. Sau da yawa maƙwabci ne kawai ya dawo daga aiki, amma barcin ya riga ya tafi, ba zai dawo ba sai bayan asuba.

Kafin matasa su yi mana dariya, ya kamata su san inda muka samo wannan hali, domin ba da shi aka haife mu ba. Kakata ta wajen uba tana cikin waɗanda suka ga ambaliyar 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka dawo da mutane kan tudu inda garin yake a yanzu. Har ta koma ga Allah, idan hadari ya haɗu da dare ba ta kwanciya, sai ta ɗaure ƴan kayanta a zane ta zauna bakin ƙofa, alhali ɗakinta yana kan tudun da ruwa bai taɓa hawa ba. Muna yara muna ganin abin kamar rikicin tsufa. Sai da na girma na gane cewa ita ba ruwan wannan daren take ji ba, ruwan 1945 ne bai gama wucewa a cikin kanta ba.

Mu ma da namu ruwan. Mun taso a zamanin da gyaɗa take riƙe da Maraɗi, mutane na gina gidaje da zuwa Makka da kuɗinta, sai farin 1973 da 1974 ya zo ya karya ta, kuma ba ta sake komawa matsayinta ba. A 1984 fari ya sake dawowa, ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da canjin takardun naira, har mutanen ƙasar nan suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Na san fatake da suka kwana da naira cike da akwati, suka wayi gari ta zama takarda. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a rana ɗaya, kuma wannan ni kaina ya same ni, domin kuɗin da na yi shekara huɗu ina tarawa don aikin Hajji suna nan a ƙirge, ko dala ba ta ɓace ba, amma ba su kai ni ko rabin hanya ba. Sai ƙarancin abinci na 2005, wanda jiharmu tana cikin inda ya fi tsanani, muka ga mata a jere da yara a goye a ƙofar wuraren ba da magani. Sai rufe iyaka na watan Agustan 2019 da ya kai har Disambar 2020, sai kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe hanya aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Mutumin da ya ga wannan duka da idonsa, idan ka zo masa da sabon shiri ya ce a dakata, yana da hujja. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle wanda aka sara sau shida.

Duk da haka, Malam Edita, ba don in wanke dattawa na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne domin na kama kaina ina yin abin da na taɓa ganin mahaifina ya yi, na kuma san abin da hakan ya jawo mana.

A wajajen 1983 wani Bature ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinodo, wanda ke aiki a nan yankin, ya fara jan hankalin manoma a kan abin da yanzu ake kira sassaben zamani, wato maimakon a sare duk tsiron da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su su zama itace. Yayana ya ji maganar, ya zo ya gaya wa mahaifinmu yana roƙon a gwada a gonarmu ta tudu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ƙi. Dalilansa ba na wasa ba ne. A lokacin itace na gwamnati ne, kuma ma'aikatan gandun daji na iya cin manomi tara a kan itacen da ya tsiro a cikin gonarsa idan ya sare reshe. Ban da haka, kowa ya yarda cewa itace yana tara tsuntsaye su cinye hatsi, inuwarsa kuma tana hana shuka girma, sannan manomin da ya bar gonarsa da sabara da kalgo ana ganinsa a matsayin rago. Amma bai faɗa wa yayana ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, ba mu gaji haka ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yayana ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba," magana ta mutu.

Maƙwabcinmu na gona ya gwada. Bayan shekara shida ko bakwai, iskar farkon damina da takan binne mana shuka da rairayi har mu sake shuka sau biyu ko uku, shi ba ta yi masa ɓarna kamar yadda take yi mana. Matansa sun daina tafiya nesa neman itacen girki, dabbobinsa na samun ƴaƴan gawo da rani, har yana sayar da itace a lokacin da mu muke saye. Yau masu bincike suna ƙiyasta cewa an farfaɗo da ƙasa kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Mu ma daga baya mun bi sahu, amma mun yi asarar shekara goma, kuma abin da ya fi wannan ciwo shi ne yayana bai sake kawo wa mahaifinmu wata shawara ba har suka rabu.

Na ɗauka na koyi darasi, sai ga shi ya zo kaina. Shekara uku da suka wuce ɗana na uku, wanda ya yi karatun aikin gona a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi amma bai samu aiki ba, ya same ni bayan sallar la'asar da takarda a hannunsa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ina neman izini a sayar da shanu biyu, a haƙa rijiyar burtsatse a gonar fadama, a sa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, in yi garkar zogale da albasa kamar yadda ake yi a Jiratawa." Ya rubuta komai, kuɗin haƙa, kuɗin allunan sola, kuɗin iri, da abin da yake sa ran samu a kowane yankan zogale. Ban karɓi takardar ba. Na ce masa shanun nan su ne garkuwar gidan, kuma ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba. Ya dawo da maganar shekara ta biyu, na ce a jira a ga yadda iyaka za ta kasance. Shekara ta uku bai dawo ba, sai na ji daga bakin mahaifiyarsa cewa yana neman kuɗin mota zuwa Agadas, daga can kuma inda Allah ya nufa.

A wannan daren Hajiya ta yi mini tambayar da har yau ban daina juya ta ba. Ta ce, "Alhaji, me kake tsoro? Faɗa mini sunansa." Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga ba ni da ita a shirye. Idan ɓarayin sola nake tsoro, ana iya yin shinge a sa mai gadi. Idan ƙarancin ruwa ne, tunda kowa ya san gulbi ba ya kawo ruwa kamar da tun da aka gina madatsar Jibiya, ana iya tambayar masu garka na kusa zurfin rijiyoyinsu da yadda suke yi a watan bazara. Idan faɗuwar farashin albasa ne a lokacin da kowa ya kwashe tasa, wannan sana'ata ce, ni ya kamata in koya masa lokacin ajiya da lokacin fitarwa. Duk abin da na ambata, sai in ga yana da magani ko rabin magani. Abin da ya rage a ƙasan zuciyata bayan na kwashe waɗannan ba shi da suna, wani nauyi ne kawai da ke cewa kada a taɓa komai, a bar komai yadda yake, kamar dai barin abu yadda yake ya taɓa hana fari ko rufe iyaka zuwa.

A nan ne na ga bambancin da nake so tsarana su duba. Dattijon da ke taka-tsantsan yana iya nuna wa yaro ramin da yatsa, ya ce ga shi nan, ni na taɓa faɗawa, bi ta can. Wanda tsoro ya kama ba ya iya nuna komai, sai dai ya hana tafiyar baki ɗaya, kuma saboda al'adarmu ta ba shi girma, ba wanda zai tambaye shi dalili. Muna yawan jawo karin maganar nan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ce, amma idan babba ya hango, hakkin yaro ne a gaya masa abin da aka hango. Idan muka riƙe karin magana muka ɓoye bayani, to mun mai da ita sanda. Mafi muni kuma shi ne yadda wasunmu ke saurin kai wa ga "ban yarda ba" har da "ban yafe ba" a kan abin da ba saɓon Allah ba ne, alhali sun san ɗan kirki ba zai iya tsallake wannan kalma ba. Yaron da aka ɗaure da irin wannan igiya, ko dai ya zauna a gida zuciyarsa ta mutu, ko kuma ya sulale da dare ya bi hanyar Sahara, wadda ta fi duk abin da aka hana shi haɗari nesa ba kusa ba. Ba na jin akwai unguwa a garin nan da ba ta san gidan da ɗansu ya tafi haka ba.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Malamanmu suna karanta mana cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana yawan neman tsari daga hammu da hazan, kuma suna fassara na farko da damuwar abin da ke gaba, na biyu da baƙin cikin abin da ya wuce. Abin da ake neman tsari daga gare shi ba zai zama ado ga dattijo ba. Sun kuma karanta mana labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙissar Annabi Yaƙubu a cikin Suratu Yusuf. Ga tsoho wanda ya riga ya rasa ɗa ɗaya a hannun waɗannan ƴaƴan, sun dawo suna neman ya ba su na biyu su tafi da shi Masar saboda yunwa. Ya tuna musu abin da ya faru a baya, ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga gare su, ya umarce su kada su shiga ta ƙofa ɗaya, su shiga ta ƙofofi daban-daban, sannan ya faɗa musu cewa shi ba ya iya kare su daga abin da Allah ya hukunta. Bayan wannan duka ya bar yaron ya tafi. Na yi shekaru ina jin wannan sura a tafsirin watan azumi, ban taɓa lura cewa da ni take magana ba sai bana.

Kada a fahimce ni da cewa duk tsoron da ake ji a jiharmu zato ne. Mutanen ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji da ke kusa da iyaka, waɗanda aka kore wa shanu ko aka ɗauke wa mutum don neman fansa, abin da suke tsoro yana da suna kuma yana da bindiga. Tun 2019 muka ga dubban ƴan'uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina sun tsallako suna neman mafaka a wannan yanki. Uban da ya hana ɗansa bin wata hanya bayan magariba, ko ya hana shi kwana a gonar da ke bakin daji, ya yi daidai, kuma duk yaron da ya raina wannan gargaɗi ya cuci kansa. Abin da nake kuka da shi shi ne yadda muke ɗaukar tsoron da ya dace da dajin Baban Rafi mu shimfiɗa shi a kan komai, a kan karatun ƴa mace a Yamai, a kan sabon iri, a kan ajiye kuɗi ta salula, a kan auren da bai fito daga dangi ba, har a kan zuwa asibiti. Na san abokina na shekara arba'in wanda ya yi wata takwas yana jin ciwo a cikinsa, ya ƙi zuwa a duba shi don kada a gaya masa abin da ba ya son ji, kuma ranar da aka kai shi, likita ya ce da an zo da wuri da akwai abin yi.

Akwai kuma ɓangaren jiki da ba mu cika magana a kansa ba. Da yawa daga cikinmu muna fama da hawan jini da rashin barci, muna ɗora laifin a kan gishiri da shekaru kawai, ba mu ambaton zullumin da muke kwana da shi. A majalisar dattawa ana hira a kan farashin tiyar hatsi da siyasa da rasuwar wane, amma da wuya ka ji namiji ya ce wa abokinsa, "Ina jin tsoro." Mun taso a kan cewa namiji ba ya faɗar haka. Ni dai da na daure na faɗa wa aminina, wani tsohon malamin makaranta da muke sallar asuba tare, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma tun da ya yi ritaya bai yi barcin kirki ba, kullum yana lissafin wanda zai riƙe gidan idan ya faɗi. Daga ranar muke zama bayan sallah kowa ya ambaci abin da ya hana shi barci, kuma na ga cewa abin da aka furta da safe ba ya kai girman da yake da shi da ƙarfe uku na dare. Ina roƙon limamanmu da masu wa'azi a gidajen rediyon garin nan su ware wa wannan batu lokaci, domin yawancin wa'azin biyayya ga matasa ake yi wa, ba a cika tuna wa iyaye nauyin da ke kan wanda ake yi wa biyayyar ba.

Su ma matasa ina da magana da su. Idan mahaifinka ya ce a'a, kada ka ɗauka ƙiyayya ce ko rashin wayewa. Zauna ka tambaye shi cikin ladabi abin da ya gani a 1984 ko a 1994, ka bar shi ya ba ka labarin har ƙarshe, domin sau da yawa a cikin labarin ne za ka ji ainihin ramin da yake gudar maka, kuma wataƙila rami ne na gaske wanda lissafinka bai hango ba. Idan ka zo da shiri, zo da amsar tambayar da ya fi jin tsoro, wato me zai rage wa gida idan abin bai yi ba. Kuma ka nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko amini ko uwargida, domin akwai maganar da uba ba zai iya karɓa daga bakin ɗansa ba amma zai karɓe ta daga bakin tsaransa.

Game da ɗana, na aika aka kira shi kafin ya haɗa kuɗin motar. Na ce ya kawo takardar nan, muka zauna a zaure muka bi ta layi-layi, kuma na samu wurare biyu da lissafinsa ya yi sauƙi da yawa, domin bai sa kuɗin shinge ba, bai kuma yi la'akari da watannin da zogale ke arha ba saboda ruwan sama ya sa kowa na da shi. Shi ma ya nuna mini abin da ban sani ba game da yadda ake tsare allunan da yadda ake gyaransu. Muka daidaita a kan sayar da sa ɗaya maimakon biyu, a fara da rabin gonar, sauran kuɗin kuma ƙanena ya ba da rance zuwa kaka. Ranar da aka ja san zuwa kasuwa ban iya cin abincin rana ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, Malam Edita, har yanzu ina farkawa da dare. Masu haƙa sun fara aiki ranar Litinin da ta wuce, kuma jiya na hau bayan babur ɗinsa muka gangara fadama tare, na tsaya a bakin ramin ina kallon laka mai ɗanshi da ke fitowa, shi kuma yana auna inda zai ja kwalbatin farko.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani dattijo daga unguwar Bagalam, Maraɗi.